Hukuncin Dare a Kan Tocila

Ran Laraba nis shiga Sakkwato da kuɗin gadi,
Nit tsaya gun Arzika, bayan Tsohuwar Kasuwa.
Yac ce: "Ga wadda ba a sai mata batir, wuta taka sha,
In ka haska daga Wurno sai a gaishe ka a Raba."
Nic ce: "Bakin ɗan kasuwa ba shi da linzami,
Bari in kai ta gaban alƙalinta, dare."

Alƙalin bai yi gaggawa ba. Kwana tara
Ina zagaya rumbunan albasar Alhaji Labbo,
Ni da ita da sanda, babu ko kare.

Raba dai ba ta amsa gaisuwa ba.
Amma daga rumbun farko nig ga giginyar bakin gulbi,
Nig ga kwalekwalen Anaruwa da igiyar da anka ɗaure.

Haskenta ba fari ba ne irin na asibiti,
Mai sa fuskar lafiyayye ta koma ta majinyaci.
Ruwan zuma ne, ko man shanu a kan tuwo mai zafi,
Ido na shan shi ba ya yin ƙwalla.
Tsohuwar tawa kan tara min ƙwari kamar mai rabon goro,
Wannan kaɗan ka biyo ta, su ma su ware.
Tururin fadama da kan tashi gaban asuba
Fara takan bugi bangonsa ta dawo min a fuska,
Wannan ko sai ta ratsa shi kamar allura da zare.

Daren uku tab biya kuɗinta:
Kububuwa kwance a rairayi, taku shida gabana,
Zanen bayanta tsaf, kamar saƙar tabarma.
Da farin haske da na ce guntun kara ne.
Nij ja baya, nib ba ta hanya tat tsere.

To ga laifinta, don ba a shaida rabi.
Nauyi gare ta kamar 'yar taɓarya,
Kanta kan yi zafi kamar butar mai shayi.
Arzika ya ce caji ɗaya kwana uku;
In na buɗe ta duka, daga lisha zuwa carar farko
Sai ta fara lumshewa kamar tsoho a majalisa.
Nomau mai sola na karɓar ɗari biyu kowane zuwa,
Murfin ramin cajin ya faɗi tun daren biyar,
Da tsumma nil liƙe shi don yashi, nij jure.

Babban aibinta maɓalli ne.
Kafin ta mutu sai ka danna sau uku:
Babba, ƙarami, sannan wani ƙifce-ƙifce
Kamar motar da ka ɗauko gwamna,
Ya tada duk wanda ka kwana a karkare.

Daren tara nij ji motsi can bayan juji,
Inda aka watsar da albasar da tar ruɓe.
Nis saki hasken duka, zuciya na duka.
Ba ɓarawo ba ne. Inna Tumba ce, duƙe,
Tana ɓare ruɓaɓɓen baya tana ajiye farin ciki
A kwaryar da nis sani tun ina yaro,
Wadda takan cika mana da fura in munka taso kiwo.
Ba ta juyo ba. Hannunta dai yat tsaya.

In danna, ƙifce-ƙifcen ya kira mata gari.
Sai nik kifa kan tocilar a tafin hannuna.
Tana ƙuna, haske na fita ja tsakanin yatsu,
Nit tsaya hakan har takunta yay yi nisa,
Har ƙarar kwarya taɓ ɓace a cikin kare-kare.

Arzika, in an tambaye ni, a saye ta.
Ka dai faɗa wa masu ƙera ta
Su yi mata maɓallin da ka mutuwa shiru,
Don akwai abin da maigadi kan bar wa dare.